Hargi da Fitila: Tarihin Sun Dare a Ruwayen Salaga, Yendi da Bawku



A farkon shekarun 1960 wani masanin tono kayan tarihi mai suna Oliver Davies ya haƙa ƙasa a Ntereso, wani ƙauye na ƙasar Gwanja da ke kusa da kogin Farin Volta, kudu maso yamma da Tamale. Cikin abin da ya tono har da ƙugiyoyin kamun kifi da kawunan hargi na ƙashi, masu kunnuwa a gefe, waɗanda masana suka ƙiyasta sun haura shekara 3,000 a binne. Ke nan tun kafin a kafa Salaga, tun kafin a san goro a kasuwar Kurmi ta Kano, akwai mutumin da yake tsayawa a gaɓar wannan kogi yana jiran kifi ya gitta ya soke shi. Can gabas kuma, a Dufuna ta jihar Yobe, wani makiyayi da yake haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwalen da aka auna shekarunsa kusan 8,000. Sana'ar ruwa dai ta girmi duk wata sarauta da muke ji da ita, a can da kuma nan.

Mun ɗauko wannan zance ne domin yau a zangunanmu za ka tara samari ashirin ka tambaye su mene ne hargi, ba lalle ka sami biyu da suka sani ba. Alhali kuwa wannan ɗan ƙarfe yana ɗauke da darasin yadda magabatanmu suka zauna da ruwan da ba nasu ba, suka ci daga cikinsa, kuma masu ruwan ba su kore su ba.

Yadda muka iske ruwan

Fatauci da malanta ne suka kawo Hausawa wannan ƙasa. Ayarin fataucin Gwanja yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato bayan ɗaukewar damina, da jakuna ɗauke da kanwa, da tufafi, da kayan fata, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, ya ratsa Bargu, ya biyo ta Sansanne Mango ya sauka Yendi, sannan ya gangara Salaga. Wata hanyar kuma ta arewa ce, ta ƙasar Gurma, wadda take biyowa ta Bawku da Gambaga. Tafiyar watanni ce, kuma kowace hanya madugu ya zaɓa sai ya tsaya a bakin koguna yana cinikin fito.

Garuruwan nan uku babu wanda yake zaune a kan gaɓar babban kogi. Salaga da rijiyoyi aka san ta, har ana yi mata kirari da garin rijiya dubu, saboda wahalar ruwan da take sha da rani. Kogin Daka yana gabas da ita, Volta kuma yana kudu, ta wajen Makango da Yeji. Yendi tana tsakanin Daka da Oti. Bawku kuma Farin Volta ya bi ta yamma da ita, tsakaninta da Zebilla. Amma dukkansu suna da fadamu da ƙoramu da tafkuna waɗanda suke cika da damina, su janye da kaka, su bar kifi a ruwan da bai wuce gwiwa ba. A irin wannan ruwa ne hargi yake aiki.

Sunayen kayan su kuwa sun biyo harshe ne daga ƙasar da aka fi sanin sana'ar, wato Kabi da Yawuri, inda Sarkawa suke. Kabawa ba baƙi ba ne a tarihin zangunanmu. Babban malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Karachi a 1934, ana jingina shi ga Kabi saboda asalin gidansu, kuma rubuce-rubucensa na ajami a kan ƙasar Hausa da sana'o'inta suna cikin abin da masana suke dogara da shi har yau. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, ikon Tonawa a kan cinikin goro ya yi rauni, kasuwar Salaga ta fara ja da baya. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa tarwatsa ta, jama'a suka bazu zuwa Kete Karachi da Yeji da Kintampo da sauransu. Biyu na farkon nan garuruwan bakin kogi ne, saboda haka 'ya'yan fatake da yawa suka tashi suna kallon ruwa kullum safiya.

Mashi, hargi da zago

Abu uku ne ake yawan cakuɗawa. Mashi tsini ɗaya gare shi, na yaƙi ne da farauta, ko da yake ana iya sukar babban kifi da shi. Hargi shi ne na kifi, yana da kunnuwa waɗanda suke hana kifi zamewa bayan an soke shi, wani mai tsini ɗaya, wani mai yatsu biyu ko uku ko fiye. Zago kuwa na manyan dabbobin ruwa ne, dorina da kada da ayu. Kansa yana cirewa daga ƙota idan ya shiga jikin dabba, ya bar igiya da abin da yake yawo a saman ruwa domin a bi sawu. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki hoton farautar dorina da irin wannan makami a wurin masuntan Kwara na ƙasar Nijar a shekarun 1940 da 1950. Zago a yau ya zama abin tarihi a wurinmu, domin dokar Ghana ta hana kashe dorina da ayu.

Hargi bai shiga littattafan tarihi ba saboda bai shiga kasuwa ba. Kifin da aka soka yana da rauni a jiki, yana saurin lalacewa, kuma masu saye ba sa son ganinsa. Ko dai ya shiga tukunyar gida a daren, ko a yi bandarsa da asuba. Kifin fatauci na taru ne da koma da mamari.  Abincin talaka ne da almajiri da manomin da ya dawo daga gona babu cefane. Ga wanda ya yi karatun fiƙihu kuma babu wata damuwa a cikinsa, tunda kifi ba ya bukatar yanka.

Yadda ake zaɓensa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai zuwa sun dare tun da rana yake yanke shawarar kifin da yake nufi, domin kifin ne yake faɗa masa irin ƙarfen da zai ɗauka.

Tarwaɗa ba ta da ɓawo, jikinta santsi ne, tana da ƙarfi, kuma takan kwanta a ƙasan ruwa. Ita tana son hargi mai tsini ɗaya ko biyu, mai kauri, mai manyan kunnuwa, a soke ta a bayan kai a danne ta da ƙasa har sai ta daina fizga. Karfasa kuwa faɗinta a gefe yake, wanda ya dube ta daga sama siririn baya kawai zai gani, saboda haka ita ake yi wa mai yatsu uku ko huɗu a jere, domin in ɗaya ya kuskure wani ya samu. Tazarar yatsun ita ce ma'auni. Idan maƙeri ya buɗa su kamar faɗin yatsa biyu, ƙananan kifi za su wuce ta tsakani ba tare da an taɓa su ba. Gaiwa, wadda take binne kanta a laka idan tafki ya ƙafe ta jira damina, da dogon siririn ƙarfe ake laluben ta kafin a haƙa. Ƙurungu yana da ƙayoyi uku da yake miƙewa su ƙage, kuma ya fi raunata mutum a lokacin cire shi daga hargi. Minjirya kuwa, mai jan mutum kamar lantarki, ita ce dalilin da ya sa ba a son hargin da ƙotarsa ma ƙarfe ce.

Bayan kifi sai ƙasan ruwa. Inda laka ce ko yashi, ƙarfe mai ƙarfi da tsini mai kaifi ya fi. Inda duwatsu ne, ƙarfen da aka ƙona aka tsoma a ruwa har ya yi tauri yakan karye da bugu ɗaya, mai laushi kuwa lanƙwashewa kawai yake yi, a miƙe shi da dutse a ci gaba da aiki. Wannan ilimin maƙeri ne, kuma shi ya sa a da mai su yakan zauna a maƙera ya bayyana ruwan da zai shiga kafin a ɗora ƙarfe a wuta.

Ƙota ta fi kyau da gora wadda ta bushe sarai, miƙaƙƙiya, marar tsagewa. Gora ba ta da nauyi, kuma idan ta suɓuce tana tasowa saman ruwa. Tukurwa ta fi ta sauƙin ɗauka amma ba ta jure babbar tarwaɗa. Tsawon da ya dace da mai tafiya a ƙafa cikin ruwa shi ne ya ɗara tsayinsa kaɗan, kamar kamu huɗu zuwa biyar. Gajere yana tilasta maka matsawa har kifi ya ji motsin ƙafarka, dogo ƙwarai kuma yana rawa a hannu yana sarƙewa a ciyawa. Ana gwada shi ta hanyar ɗora shi a kan yatsa: in ya daidaita a ɗan gaba da tsakiya, wajen ƙarfen, to zai tafi inda aka nufa. Wurin haɗa ƙarfe da ƙota shi ne inda aka fi yin asara. Ɗaurin ɗanyar fata yana ƙanƙamewa idan ya bushe, amma yana sakewa idan ya daɗe a ruwa, shi ya sa daga baya aka koma ɗaurin waya da robar tayar keke.

Haske da ido

Sun dare na duhun wata ne. Da farin wata kifi yana ganin inuwar mutum. Lokacinsa kuma daga kaka zuwa ɗari, bayan ruwa ya janye ya kwanta ya yi garau. Da farko da damin ciyawa ko kara ake cinna wuta, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya soka. Daga nan fitilar ƙwai ta zo, sai tocila, yau kuma ga ƙaramar fitilar da ake ɗaurawa a goshi. Haske idan ya faɗa wa kifi kwatsam yakan tsaya cak na ɗan lokaci, kuma wannan ɗan lokacin shi ne duk rabon mai hargi.

Akwai abin da kowane sabon shiga yake koya da kuskure. Kifin da kake gani a ruwa ba a nan yake ba, yana ƙasa da inda idonka ya nuna maka, domin haske yana karkacewa idan ya fito daga ruwa ya shiga iska. Malamin nan Ibnul Haisam ya yi bayanin wannan karkacewa a littafinsa Kitabul Manazir, wanda ya rubuta a Masar kimanin shekara 1,000 da suka wuce. Masunta sun warware matsalar da hannu. Suna auna ƙasa da kifin, ko su fara tsoma tsinin a ruwa a hankali har ya kusance shi sannan su tura, kuma suna ƙoƙarin tsayawa kusan a kansa, domin gwargwadon miƙewar kallo gwargwadon raguwar ruɗin. Idan fitila ta haska idanu biyu jajaye a saman ruwa, wannan kada ne, sai a ja da baya ba tare da gudu ba.

Ruwa da mai shi

Zaɓe mafi girma shi ne na wurin da za a shiga da lokacin shiga. A ƙasar Dagwamba da Mamprusi da Kusasi akwai tindana, mai kula da al'adun ƙasa, kuma tafkuna da yawa suna da ranar buɗewa da abin da aka hana taɓawa a cikinsu. Konkomba na gaɓar Oti suna da wuraren sunsu da suka gada. A Paga kada abin girmamawa ne, ba a cutar da shi. Bahaushen zango yana da aƙidarsa, ba ya shiga tsafin kowa, amma ya san baƙo ba ya tsoma ƙafa a tafkin mutane da dare sai ya nemi izini ta hannun mai masaukinsa ko Sarkin Zango, kuma idan ya samu yakan aika da rabon mai ruwa.

Wannan tsari bai zo wa magabatanmu a matsayin sabon abu ba, domin sun baro irinsa a gida. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a sifarsa ta yanzu a 1934 albarkacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, ana tsare Matan Fada har sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma ranar gasa da homa da gora kaɗai ake shiga. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Abin da dubban mutane suke zuwa kallo a rana ɗaya, haƙurin wata da watanni ne ya tara shi.

Gwajin mai hargi yana zuwa ne da ruwan farko. Idan damina ta sauka ruwa ya malala cikin ciyawa, tarwaɗa takan hauro da dare zuwa wuri marar zurfi domin ta zuba ƙwai. A wannan dare ko yaro zai iya cika buhu. Kowace uwa da aka soka kuwa ta tafi da dubban ƙwai a cikinta. Mai taru ba ya ganin abin da ya kama sai ya jawo, amma mai hargi yana kallon kifin ido da ido kafin ya ɗaga hannu, yana ganin kumburin cikinsa, yana ganin ƙanƙantarsa. In ya kashe, da saninsa ya kashe.

Abin da ya sauya

Ruwayen da kakanninmu suka sani ba su ne muke gani yau ba. A ƙasar Bawku, cutar makantar kogi wadda wani ɗan baƙin ƙuda yake yaɗawa ta kori ƙauyuka daga gaɓar Farin Volta tsawon zamani, har sai da aka kafa shirin yaƙi da ita a 1974, wanda ya ci gaba zuwa 2002. Jama'a sun koma bakin kogi, amma da noman rani da injin ban ruwa suka koma. Tun farkon shekarun 1990 kuma madatsar Bagre ta Burkina Faso ita ce take iko da hawa da saukar kogin, kuma sakin ruwanta a ƙarshen damina yakan cinye gonaki.

A kudu, an kammala madatsar Akosombo a 1965. Tafkin da ya taru ya kai murabba'in kilomita kusan 8,500, ya haɗiye tsohuwar Kete Karachi, aka tashi mutane wajen 80,000 aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52. Ruwa ya yi zurfi da faɗi, cike da kututturan itatuwa, ya zama na jirgi da raga. Masuntan Tongu daga ƙasan kogi suka hauro da ƙwarewarsu, Yeji ta zama babbar kasuwar kifi, mu kuma muka tsaya a inda muka fi iyawa, wato saye da sayarwa da dakon banda. Tsargiya ta yawaita a gaɓar tafkin, wanda hakan ya sa tsayuwa cikin ruwa marar gudu ta zama abin tsoro.

A ƙananan tafkuna da ƙoramu kuwa, abin da ya maye gurbin hargi shi ne yake ba mu tsoro. Ana zuba maganin feshin gona a ruwa kifi ya taso, babba da ƙarami, a kwashe a kai kasuwa mutane su ci. Ana jan gidan sauro a matsayin raga, ya tattaro har 'ya'yan da ba su kai farce ba. Dokar kamun kifi ta Ghana ta 2002 da ƙa'idojinta na 2010 sun haramta guba da nakiya, sun kuma haramta tara kifi da hasken manyan fitilu na janareta. Duk wanda zai fita da fitila da dare ya kamata ya san da wannan, ya tambayi jami'an kula da kamun kifi na gundumarsa. Amma jami'i ba ya kwana a bakin kowane tafki. Abin da yake tsare ruwa da tsakar dare shi ne tarbiyyar wanda ya shiga cikinsa.

Mu da muke zaune a matsayin 'yan tsiraru cikin Gwanjawa da Dagwamba da Kusasi da Mamprusi, wannan magana ta shafi zamanmu kai tsaye. Idan aka wayi gari tafkin ƙauye ya mutu da guba, sunan baƙo ake fara kira, ko da hannunsa ko babu. Mutuncin da zango yake da shi a idon masu ƙasa an gina shi ne da ƙananan abubuwa irin neman izini, da aika rabo, da barin uwar kifi ta wuce. Yaron da ya san dalilin da ya sa ake buɗa yatsun hargi zai yi wuya ya ja gidan sauro a ruwa.

Saboda haka muna roƙon matasanmu na Salaga da Yendi da Bawku, da na Yeji da Kete Karachi, duk wanda yake da tsoho a gida da ya taɓa su, ko maƙerin da ya taɓa ƙera hargi, ya zauna da shi tun yana raye. Ya tambaye shi sunan kowane kifi da Hausa da kuma harshen masu ƙasa, da sunan kowane tafki da wanda ake neman izini a wurinsa, da watan da ake shiga da wanda ake bari. Ya rubuta, da boko ko da ajami. In akwai tsohon ƙarfe da ya yi tsatsa a bayan rumbu, kada a sayar wa masu gwangwan, a goge shi a ɗauki hotonsa a adana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci ruwayenmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.